Yadda zaka gane wane irin jirgin ruwan yaƙi kake kallo

Duk sanda rikici ya tashi a wani teku zakaga hotuna sun fara yawo, wai ga "katafaren jirgin yaƙi" ƙasa kaza ta tura, kana dubawa da kyau sai kaga jirgin sintiri ne mai bindiga ɗaya tal, wani lokacin ma tankar mai ce ta sojoji. Ga wanda bai saba ba duk ɗaya suke, fenti ruwan toka, dogon jiki, ƙarafa birjik a sama. Amma in kasan inda zaka kai ido, minti ɗaya ya isheka ka raba su. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kar ka yarda da sunan da ƙasar ta laƙaba wa jirginta sai ka duba jikinsa tukunna, don a wannan harkar suna yana yawan yaudara.

Fara da doron jirgin. In kaga saman shimfiɗe yake tun daga goshi har baya kamar filin jirgi, ginin da ake tuƙi an tura shi gefe guda ta hannun dama, to kana kallon jirgin dakon jiragen sama ne ko kuma ɗan uwansa mai sauke sojoji a gaɓa. Yadda zaka raba su shine, shi na dakon jiragen yaƙi na gaske yawanci layin saukarsa a karkace yake, ya ɗan fita ta hagu, domin in jirgi ya zo sauka ƙugiyarsa bata kama igiyar ƙarfen da ke tare shi ba ya samu hanyar sake tashi bai afka wa waɗanda ke ajiye a gaba ba. Daga nan sai ka kalli hancin. In hancin ya ɗaga sama kamar tudu, jiragen da kansu suke gudu su hau tudun su tashi, irin wannan ne Queen Elizabeth na Ingila, da Liaoning da Shandong na China, da Vikrant na Indiya, da Kuznetsov na Rasha. In kuma hancin a miƙe yake to akwai majajjawa a cikin doron wadda take cilla jirgi, kuma wannan ba ƙaramin banbanci bane saboda jirgin da aka cilla yana iya tashi da cikakken mai da cikakken bam, shi kuwa mai hawa tudu dole a rage masa kaya. Amurka duk nata masu majajjawa ne, guda 10 na ajin Nimitz da tururi suke cillawa, sabon nasu Gerald R. Ford da ya shiga aiki a 2017 da lantarki da maganaɗisu yake yi, tsawonsa ya haura mita 330, nauyi wajen tan 100,000. Faransa tana da Charles de Gaulle, ƙarami ne akan na Amurka amma shima nukiliya ne kuma da majajjawa. Fujian na China da aka saka a ruwa a 2022 shima miƙaƙƙen hanci ne. Queen Elizabeth kuwa ko daga nesa bazai ɓace maka ba, gine-gine biyu gareshi a doro maimakon ɗaya.

In doron shimfiɗaɗɗe ne amma murabba'i, ba karkataccen layi, jirgin kuma yana da tsayi sosai daga ruwa kamar akwati, to zagaya ka duba bayansa. Zakaga wata ƙatuwar ƙofa. Cikinta akwai fili wanda ake barin ruwa ya shiga, ƙananan jiragen sauke kaya su fito ta nan ɗauke da tankokin yaƙi da motoci da sojoji su nufi gaɓa, wasunsu ma akan matashin iska suke tafiya su hau har kan yashi. Wannan shine jirgin kai farmaki ta gaɓa, aikinsa helikwafta da sojan ƙasa. Ajin Wasp na Amurka kenan, da Mistral na Faransa wanda Masar ta sayi guda biyu bayan an fasa sayar wa Rasha su, ta saka musu Gamal Abdel Nasser da Anwar El Sadat, da Anadolu na Turkiyya da ya fara aiki a 2023. Irinsu ne ake fara turawa in an yi girgizar ƙasa ko ana kwashe mutane daga inda yaƙi ya ɓarke, don akwai asibiti da wurin kwana a ciki.

To anan maganar suna take shigowa. Japan tana da Izumo, tsawonsa mita 248, doro shimfiɗe tun daga farko har ƙarshe, kowa ya ganshi yasan me ya gani, amma a takarda an saka masa suna distiroya mai helikwafta, wato sunan jirgin yaƙi mai bindiga da mizayil, saboda tsarin mulkin ƙasar na bayan yaƙin duniya na biyu ya sa kalmar jirgin dakon jiragen yaƙi tana da nauyi a siyasarsu. Tarayyar Sobiyet ma nata kuruza mai ɗaukar jirage take kiransu, ana danganta hakan da yarjejeniyar Montreux ta 1936 wadda ta tsara irin jiragen yaƙin da zasu ratsa mashigin ruwan Turkiyya. Kaga kenan sunan siyasa ce da doka, jikin ne gaskiya.

Yanzu mu zo inda aka fi ruɗewa, wato jirage masu bindiga a gaba, gini a tsakiya, filin helikwafta a baya. Huɗu ne a jere daga babba zuwa ƙarami, kuruza, distiroya, firiget, kobet. Wallahi babu wata doka ta duniya da ta ce daga tan kaza zuwa kaza sunanka kaza, kowace rundunar ruwa da yadda take yi, amma ga abinda zai taimaka maka. Kobet yawanci bai wuce mita 100 ba ko ya ɗan haura kaɗan, nauyi daga tan ɗari biyar zuwa wajen 3,000. Firiget mita 110 zuwa 150, tan 3,000 zuwa 7,000. Distiroya daga mita 150 zuwa sama, tan 7,000 zuwa 10,000 ko fiye. Kuruza ya fi haka, kuma sun kusa ƙarewa a duniya, Amurka tana ta yiwa ajin Ticonderoga ritaya, Rasha ce take da ragowar manya irin Pyotr Velikiy mai injin nukiliya wanda ya kai mita 250. Shi wannan tan ɗin da ake faɗa ba nauyin kayan da jirgi ke ɗauka bane, nauyin ruwan da jikinsa ya ture ne, wanda shine daidai nauyin jirgin kansa.

Ta yaya zaka auna tsawo a hoto? Nemi abinda ka san girmansa. Helikwaftan ruwa in yana kan doro tsawonsa tsakanin mita 15 zuwa 20 ne, sai ka ƙirga sau nawa zai shiga jikin jirgin. In babu helikwafta duba mutanen da ke tsaye ko ƙofofin ginin, ko kwale-kwalen robar da ke rataye a gefe wanda yawanci mita 7 ne zuwa 11. Ba sai ka samu daidai ba, so kake kawai ka san ko mita 90 kake kallo ko 160.

Amma abinda yafi tsawo faɗa maka gaskiya shine rada da ramukan mizayil. Duba bayan bindigar gaba, in hoton daga sama aka ɗauka zakaga wasu murafai murabba'i a jere a kwance a doro, kowane murfi ƙarƙashinsa makami mai linzami ne a tsaye. Ƙirga su. In ka samu 8 ko 16 yawanci wannan jirgi kansa kawai yake karewa, 32 zuwa 48 babban firiget ne ko distiroyan Turai, in kuwa ka haura 90 to kana gaban manya, Arleigh Burke na Amurka yana da 90 zuwa 96, Type 055 na China 112, Ticonderoga 122. Shi Type 055 ɗin China distiroya take ce masa, Amurka kuma ta rubuta shi a kuruza, tsawonsa mita 180, ni dai inaga Amurkan ce tafi kusa da gaskiya. Jamus kuma akasin haka take, F125 nata ya haura tan 7,000 amma firiget suke kiransa. Sai rada, in kaga manyan faranti manne a bangon ginin suna kallon kusurwa huɗu basa juyawa, wannan jirgin kare sararin sama ne, aikinsa ya tare jirage da mizayil kafin su iso ayari, na Arleigh Burke masu kusurwa takwas ne kuma da su ake saurin gane shi. Type 45 na Ingila kuma wata doguwar hasumiya gareshi da ƙwallo a ƙoli, an ɗaga radar sama ne don ta hango mizayil mai bin saman ruwa tun daga nesa, tunda duniya a lanƙwashe take kuma abinda ke ƙasa-ƙasa baya bayyana sai ya matso.

Firiget shine jakin rundunar ruwa, shi ake aika rakiyar jiragen kasuwa, shi ake aika farautar jirgin ƙarƙashin teku, shi ke zuwa ziyara ƙasashe, kuma ƙasashe da yawa shine babban jirgin da suke da shi gaba ɗaya. FREMM na Faransa da Italiya, da MEKO na Jamus da aka sayar wa Turkiyya da Girka da Ostireliya da Afirka ta Kudu da Aljeriya, duk nan suke. In ka duba bayan firiget ƙasa da filin helikwafta kaga wata taga ko ƙofa, sau da yawa ta nan ake sakin na'urar sauraren sauti da ake ja da doguwar waya, alamar mafarauci ne kenan. Kobet kuma na kusa da gida ne, mai da abincinsa basa kai shi nesa, kuma in teku ta yi fushi ma'aikatansa suna shan wahala. Amma kar ka raina shi, a Oktoban 2015 ƙananan jiragen Rasha daga tekun Kaspiyan suka harba mizayil ɗin Kalibr har Siriya, tazarar wajen kilomita 1,500. Visby na Suwidin ma kobet ne, jikinsa ba ƙarfe bane, kuma komai an ɓoye shi ciki har bakin bindigar don rada ta kasa ganinsa da wuri. Dama duk jirgin da kaga bangonsa sumul a karkace ba tarkace a waje, sabon ƙira ne, wanda kuma kaga eriya da akwatuna ko'ina to tsohon hannu ne.

Wani abu da zaka riƙa gani a da yawa daga cikinsu, musamman na Amurka da ƙawayenta, wata farar tulluwa mai bakin bindiga a ƙasanta. Phalanx kenan, bindiga mai sarrafa kanta da ke zubar da harsashi wajen 4,500 a minti, ita ce ta ƙarshe in mizayil ya tsallake komai. Ganinta baya gaya maka nau'in jirgi don har tankar mai ana saka wa. Bututu masu kauri kuma da aka jingina a karkace a tsakiyar jirgi, biyu-biyu ko huɗu-huɗu, na harbin wasu jiragen ruwa ne. Moskva na Rasha da ya nutse a Bahar Aswad a Afrilun 2022 irinsu 16 ne jere a gefensa manya-manya, shiyasa hotonsa baya ɓata.

In kuwa ka ga jirgi ya kai girman kobet ko ma firiget amma bindiga ɗaya ce ƙarama a gaba, babu murafan mizayil, babu bututu, sai kwale-kwale biyu da ƙugiyar sauke su, wannan jirgin sintiri ne. Ba don yaƙi da wata runduna aka gina shi ba, ɗan sandan teku ne, yana bin masu satar kifi da 'yan fashin teku da masu fasa-ƙwauri a cikin mil 200 daga gaɓa da dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon cin arzikinsu. Shi aka fi yiwa ƙaryar "katafaren jirgin yaƙi". In fari ne da jan layi ko shuɗi a karkace kusa da goshi to na masu gadin gaɓa ne, a wasu ƙasashen ma ba soja bane.

Akwai gajeriyar hanya kuma, lambar da ke jikin jirgi. Ingila da yawancin ƙasashen Turai da waɗanda suka gaji tsarinta suna saka harafi kafin lamba, R na dakon jirage, D distiroya, F firiget, L mai sauke sojoji, M mai share nakiya, P sintiri, A jirgin hidima. Queen Elizabeth R08 ne. Amurka lamba kawai take rubutawa a goshi amma a labarai zakaga CVN na dakon jirage ko DDG distiroya ko SSN na ƙarƙashin teku, N ɗin nan ta ƙarshe nukiliya take nufi, G kuma mai mizayil. Haruffan gaban suna kuma ƙasa suke nunawa, USS Amurka, HMS Ingila, TCG Turkiyya, sai dai INS ka yi hattara don Indiya da Isra'ila duk suna amfani da shi. USNS jirgin rundunar Amurka ne amma farar hula ke tuƙa shi. Ka dai tuna harafin abinda ƙasar ta ga dama ne ta rubuta, Izumo ma ai da sunan distiroya yake yawo.

Jirgin ƙarƙashin teku ba sai an gaya maka ba, baƙi ne, kuma abinda ke saman ruwa kaɗan ne. Tambayar ita ce wane iri. Duba bayan hasumiyarsa, in jikin ya yi tsawo sosai a baya, ko ya yi ƙusumbi, ko kaga murafai manya a jere biyu, to mai ɗauke da mizayil ɗin nukiliya ne, aikinsa ya ɓace a teku wata biyu ko uku kar kowa yasan inda yake, domin ko an shafe ƙasarsa akwai mai ramawa. Ohio na Amurka mita 170 ne, Typhoon na Sobiyet shine mafi girma da aka taɓa ginawa, wajen tan 48,000 in ya nutse. In babu ƙusumbi kuma ya kai mita 85 zuwa sama, mai yiwuwa mafarauci ne mai injin nukiliya, irin Conqueror na Ingila da ya nutsar da kuruzan Ajantina General Belgrano ranar 2 ga Mayun 1982 a yaƙin tsibiran Fokland, mutum 323 suka mutu, bayan nan manyan jiragen Ajantina basu ƙara fitowa fili ba har yaƙin Fokland ya ƙare. Ƙasashe shida ne kawai suke da masu injin nukiliya, Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, China, Indiya, tun daga Nautilus da Amurka ta fara da shi a 1954. Saboda haka in jirgin na wata ƙasa ce daban ka riga ka samu amsa, dizal da batir ne, mita 55 zuwa 85, irin Type 209 na Jamus ko Kilo na Rasha. Shi mai dizal dole lokaci-lokaci ya matso sama ya leƙo da bututu ya shaƙi iska ya yi cajin batir, nan ne rauninsa, duk da sababbi irin Type 212 da Gotland suna iya yin sati biyu ko fiye basu leƙo ba. Amma fa in yana tafiya a hankali akan batir shiru gareshi na ban tsoro, a ruwa mara zurfi sau da yawa yafi na nukiliya wuyar kamawa, don shi na nukiliya injinsa baya mutuwa gaba ɗaya.

Sai waɗanda ba'a cika ɗaukar hotonsu ba alhali in babu su ayari baya zuwa ko'ina. In kaga babban jirgi mai kama da na 'yan kasuwa amma ruwan toka, da dogayen turakun ƙarfe a tsakiya mesa na lilo a jikinsu, jirgin ba da mai da abinci da harsashi ne, yana jerawa da jirgin yaƙi suna tafiya gefe da gefe a miƙa mesa a tsakiyar teku ba tare da kowa ya tsaya ba. Ni in ina son sanin ko rundunar wata ƙasa zata iya yaƙi nesa da gida, waɗannan nake fara ƙirgawa kafin distiroya. Ko jirgin dakon jirage mai injin nukiliya ma yana buƙatarsu, don jiragen saman da ke kansa mai suke sha, mutane dubu huɗu zuwa biyar kuma ci suke. Fari fat mai jar alamar kuros jirgin asibiti ne, irin Mercy da Comfort na Amurka masu gado dubu-dubu, yarjejeniyar Jeniba ta 1949 ta hana a taɓa su. Ɗan guntun jirgi kuma mita 50 zuwa 70, mai tarkace da ƙugiyoyi a baya da wasu abubuwa masu launin rawaya ko ruwan lemo, mai farautar nakiya ne. Jikinsa katako ne ko faiba ko ƙarfen da maganaɗisu baya kamawa, saboda nakiyoyi da yawa ƙarfen jirgi suke ji su tashi. A 1988 nakiya ɗaya mai arha ta kusa raba firiget ɗin Amurka Samuel B. Roberts biyu a tekun Fasha.

Wani zai ce ina manyan jirage masu jibga-jibgan igwa uku-uku a jere? Sun tafi. Yamato na Japan mai igwar milimita 460 jiragen sama ne suka nutsar da shi a Afrilun 1945, Missouri na Amurka ya yi harbinsa na ƙarshe a yaƙin tekun Fasha na 1991 aka ajiye shi a 1992. In kaga irinsu a hoto mai kala yau to gidan tarihi ne, kar wani ya ce maka an tura shi yaƙi.

Can ƙasan jerin kuma ƙananan kwale-kwale ne masu gudu, kuma su ya kamata ka fi lura da su a bidiyon yanzu. In ƙarami ne mita 25 zuwa 60 da manyan akwatuna a baya waɗanda sun yi masa yawa, mai harba mizayil ne, irinsu Masar ta yi amfani da su a Oktoban 1967 ta nutsar da distiroyan Isra'ila Eilat daga bakin Port Said, abinda ya sa kowace runduna ta koma ta sake lissafi. In na roba ne mai inji biyu a baya da mutum takwas ko goma a zaune, na dakarun musamman ne ko masu hawa jirgi su yi bincike. In kuma kaga ɗan kwale-kwale mita 5 zuwa 6, a rufe ruf, ya kwanta da ruwa, babu wurin zaman mutum sai 'yar kyamara da farantin intanet a sama, to babu kowa a ciki, daga nesa ake tuƙa shi kuma cikinsa bam ne. Yukren da irin waɗannan, Magura V5, ta nutsar da Ivanovets da Tsezar Kunikov na Rasha a Fabrairun 2024, ita da kusan bata da manyan jiragen yaƙi. Yawancin bidiyonsu da dare ake ɗauka da kyamarar zafi, baƙi da fari, saboda haka lambar jiki bazata karantu ba, sai dai ka tsayar da bidiyon daidai inda inuwar jirgin da ake hari ta fito sosai ka duba inda bindiga take da siffar hasumiya da ko akwai ƙofar sauke sojoji a goshi ko a baya.